Amsa ga mai tambaya kan hoton jirgin ƙasa da kishin uwargida

Wani ƙanenmu a wannan sha'awa, mazaunin Kaduna, ya turo mini tambaya mai rassa uku. Ya ce ya yi tari ya sayi kyamara ta gwanjo, wata huɗu ke nan yana bin jirgin ƙasa da ita, amma duk sanda ya dawo gida ya duba sai ya tarar hotunan dishi-dishi, ko kuwa goshin jirgin ya yi baƙi ƙirin. Na biyu, sau biyu ana tare shi a tasha ana tambayarsa wa ya aiko shi. Na uku, wanda ya ajiye can ƙarshe kamar ba shi ya fi ci masa tuwo a ƙwarya ba, mai ɗakinsa ta raɗa wa kyamarar suna "amarya", in ya shigo gida ranar Asabar sai ta ce, "Ango ya dawo?"

Ƙanena, sannu da shigowa sahu. Da na zo kan maganar amarya sai da na ajiye waya na yi dariya mai isata, don tawa uwargidan "kishiyar ƙarfe" take ce wa jirgin ƙasa tun kafin a haifi babban ɗanmu, shi kuwa yau da nasa iyalin. Ni ɗan reluwe ne. A kwatas ɗin ma'aikata na Zariya aka yanke mini cibi, mahaifina ya fara da zuba wa inji kwal ya ƙare yana direba, ni kuma tun ina sakandare nake yawo da kyamara a wuya. Zan amsa maka duka ukun, amma ba daidai wa daida ba. Ta farkon lissafi ce kawai, ba za ta ɗauke mu lokaci ba.

Dishi-dishin nan ba laifin kyamararka ba ne. Jirgin da ke gudun kilomita 100 a awa yana cinye wajen mita 28 a kowace daƙiƙa. In ka bar kyamara ta zaɓa wa kanta, musamman da sassafe ko gab da magariba, sai ta bar idonta a buɗe ya daɗe, a ce 1/60 na daƙiƙa. Cikin wannan ƙiftawar jirgin ya matsa kusan rabin mita. To ta yaya lambar da ke goshinsa za ta karantu? Murɗa ta zuwa inda kai ne mai yanke saurin ƙiftawa. A yawancin kyamarori harafin S ne, a Canon kuma Tv aka rubuta. Ga jirgin Abuja da ya saki jiki yana gudu, kada ka sauko ƙasa da 1/1000, a nan motsinsa bai kai santimita 3 ba. Ga tsohon layi, inda jirgi ke tafiya kamar yana tausaya wa diga, 1/500 ta ishe ka har da saura. In haske ya gaza ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 800 ko 1600 ba tare da fargaba ba. Hoton da ya yi ɗan yashi-yashi ana iya kallonsa, ana iya wanke shi a rataya. Wanda ya yi jirwaye kuwa sai gogewa.

Sannan kada ka bar kyamara ta yi ta laluben jirgin da kanta. Fitilar goshinsa tana ruɗa ta sau biyu: ta sa ta kasa kama inda za ta tsai da ido, kuma ta sa ta ɗauka duniya ta cika da haske, sai ta rage, komai ya yi duhu. Tun kafin ya iso ka zaɓi inda kake so hancinsa ya kai, ko wani turke ko falwaya ko bishiya, ka saita ido da haske a nan, ka kulle, ka jira. Zamanin fim haka muke yi dole, da hoto 36 kacal a cikin kyamara da kuɗin wanki a kanka. Danna ɗaya ce. In ka kuskure, sai wani makon.

Sauran baƙin fuskar kuma aikin rana ne. Layin Abuja zuwa Kaduna kusan a miƙe yake daga kudu zuwa arewa, saboda haka da safe ka tsaya ta gabas da layi, da la'asar ka koma ta yamma da shi, rana ta kasance a bayanka ko kan kafaɗarka. Wannan kowa zai gaya maka. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, rana ba hanya ɗaya take bi duk shekara ba. Da hunturu tana karkata kudu sosai, don haka jirgin da ya nufi tashar Idu ta Abuja shi ne fuskarsa ke shan haske, wanda ya doso tashar Rigasa ta Kaduna kuwa goshinsa na cikin inuwa ko ƙarfe nawa ne. Daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta sai ta dawo ta arewa da mu, abin ya juye. Na yi shekaru ina ɗora wa fim da mai wankin hoto laifi kafin na gane wannan, kuma ba wani gwanin hoto ne ya ganar da ni ba. Wani dattijo ne a gonarsa gefen Madobi, da ya gaji da ganina ina kai-komo ina leƙen sama, ya ce, "Yaro, ai ko inuwar ɗorawar nan ba gefe ɗaya take kwanciya rani da damina ba."

Daga ƙarfe sha ɗaya zuwa uku na rana babu abin da za ka samu sai rufin tarago mai ƙyalli da ƙafafu a cikin duhu. Wannan lokacin na gida ne. Hazo kuwa, mutane na gudunsa, ni ina sonsa. Yana shanye launi, yana shafe nesa, amma ka tsaya ka ga jirgi ya ɓullo daga cikinsa da fitila a kunne, babu sama babu ƙasa sai shi, za ka san me nake nufi. Sai dai ƙurar hunturu ba ta ga-maciji da kyamara. Kada ka taɓa kwance madubi, wato gilashin gaban kyamara, a fili. Ka shiga mota ko ka cusa hannu cikin jaka ka sauya. In ƙura ta hau gilashi ka hure ta da 'yar famfon roba, ba da baki ba, kuma don Allah ba da bakin riga ba. Lokacin da ya fi kowanne a wurina shi ne ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, sama wankakkiya, dawa ta tsaya ta yi kai, jirgi na ratsa ta kamar allura cikin zane.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Madubin zuƙo nesa maƙaryaci ne. Idonka na cikin kyamara, jirgin na can kamar bai motsa ba, ka ɗago kai ka gan shi a kanka. Kuma jirgi ya fi digarsa faɗi nesa ba kusa ba. Tsakanin ƙarafunan tsohon layi ƙafa uku ne da inci shida, wato milimita 1,067, na sabon layi kuma 1,435, amma tarago a tsohon layi yana leƙowa kusan mita guda ta kowane gefe, ban da ƙofar da aka bari a buɗe da igiya ko waya da ke reto daga taragon kaya. Ka ba shi taku goma, ka zuƙo shi da madubi, ai don haka ka saye shi. Direba ba shi da sitiyari. In ya taka birki yana cikin gudu sai ya yi ɗaruruwan mitoci kafin ya tsaya, mai kaya mai nauyi har ya kan kai kilomita. Iyakar abin da zai iya shi ne ya danna ham ya yi ta salati. Ina ɗan shekara goma sha biyu na ga mahaifina ya dawo daga aiki ya zauna a bakin ƙofar ɗaki, bai cire takalmi ba, bai taɓa tuwon da aka ajiye masa ba har aka yi isha'i. Sai da na girma mahaifiyata ta gaya mini cewa wani makiyayi ne ya koma kan layi don ya koro maraƙi. Shi ya sa wannan yayin na hoton kafin biki a kan diga, ango da amarya an zauna kan ƙarfe ana murmushi, nake kau da kai in na gani. An taɓa ba ni kuɗi mai kauri in ɗauka, na ce a nemi wani.

Masu tare ka a tasha kuwa, gaskiya suke da ita, kuma gara ka yarda da haka tun yanzu ka huta. Ranar 28 ga Maris 2022 aka dasa wa jirgin Abuja zuwa Kaduna bam aka buɗe masa wuta, aka kashe mutane, aka kwashi wasu zuwa daji inda suka yi watanni. Jirgin bai dawo aiki ba sai 5 ga Disamba na wannan shekarar. Ga kuma ɓarayin da ke kwance ƙarafunan layi suna sayarwa da 'yan gwangwan. A irin wannan hali, in ma'aikaci ya ga baƙo tsaye yana auna layi da dogon madubi bai tambaye shi ba, ai bai riƙe amanar aikinsa ba.

Yadda nake yi shi ne, kyamara na cikin jaka nake shiga. In nemi ofishin shugaban tasha, in yi sallama, a gaisa a nitse, in nuna katin shaida, in ciro 'yar ƙaramar alabom ta hotunan da na wanke. Hoton takarda yana yin abin da na cikin waya ba ya yi. Mutum ya riƙe a hannu, ya juya, ya ce "A'a, wannan ai Kafanchan ce, na yi aiki a nan," shi ke nan an zama 'yan gida. In ya ce a'a, a'a ce, ka yi godiya ka tafi. In ya ce sai da takarda daga sama, ka je ka nemo takardar. Kada ka ɗauki jami'an tsaro, ko wurin binciken kaya, ko ƙarƙashin gada, kada kuma ka tashi jirgin nan maras matuƙi a kusa da layi. Dajin da ke tsakanin Rijana da Katari kuwa, ko hoton zai sa a ba ka kujerar Makka, ba wurin zuwanka ba ne. Ni ma an taɓa tsare ni yini guda a wata tasha da ba zan faɗi sunanta ba, aka zare fim ɗina aka shanya shi a rana ina kallo, da hotunan wata guda a ciki. Na ji zafi, amma ni na ɗaga kyamara ban yi wa kowa sallama ba. Babban sirrin shi ne komawa. Duk wanda ka ɗauka, mai tuta ne, mai duba tikiti ne, lebura ne, ka wanke ka kai masa nasa. Naira kaɗan ce, amma akwai tashoshin da yau in na shiga shayi ake fara kawo mini kafin a tambaye ni lafiya.

Na lura duk hotunan da ka turo na sabon jirgi ne. Ba laifi, kyakkyawa ne, kuma tun da aka buɗe layin nan mai kilomita 186 a watan Yulin 2016 ya zama abin alfahari. Sai dai shi kowa na ɗaukarsa, kullum fasinjoji na cika Facebook da shi. Abin da ke ɓacewa ba mai kallo shi ne tsohon layi, kuma a bakin ƙofarka yake. Layin da aka faro daga Baro a bakin kogin Kwara a 1907 ya iso Kano a 1911, aka haɗe shi da na Legas, ya zama kilomita 1,126 daga teku zuwa Kano. Turawa auduga suka sa wa rai don masaƙunsu na Ingila, manoman Kano suka duba farashi suka shuka gyaɗa, daga nan aka samu dalar gyaɗa da attajirai irin su Alhassan Ɗantata. Reshen Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, na Kano ya bi ta Ringim da Malam Madori ya kai Nguru a 1930, na Maiduguri kuwa sai 1964. Kowanne daga cikin garuruwan nan akwai tasha, akwai allon suna, akwai tankin da injin kwal ke shan ruwa, akwai sandar sigina mai hannu, akwai gidajen ma'aikata masu rufin kwano. Ka sunkuya ka duba gefen ƙarfen diga, sau da yawa za ka ga sunan masana'antar da ta zuba shi da shekarar. Waɗannan ba sa gudu, ba sa buƙatar 1/1000, kuma kowace shekara sai an wayi gari babu ɗaya.

In kana ganin wasa nake, ka nemi hoton ƙaramin layin nan da ya tashi daga Zariya ya hau Jos don kwaso kuza, mai faɗin ƙafa biyu da rabi, wanda aka rufe a 1957. Abin da za ka samu 'yan tsiraru ne, kuma kusan duka Turawa suka ɗauka, abin da ya ba su sha'awa suka ɗauka. Haka injinan kwal samfurin River da aka ƙero a Ingila bayan Yaƙin Duniya na Biyu, kowanne da sunan kogi a jikinsa, suna cin kwal ɗin Inugu. Na riski ƙarshensu ina yaro, ina tuna ƙamshin hayaƙin da baƙin da yake bari a wankin da mahaifiyata ta shanya, amma ba ni da hoton ko ɗaya yana numfashi. Masu dizal sun fara shigowa a 1955 da ƙirar English Electric, daga baya na Amurka da na Kanada, na Sin a zamanin Abacha, sai guda 25 na kamfanin General Electric a 2010. Ka koyi rarrabe su, ka riƙa rubuta lambar kan jirgi da rana da wuri a ɗan littafi. Hoton da ba a san inda aka ɗauke shi ko yaushe ba, bayan shekara ashirin ado ne kawai. Yanzu ma ana aikin sabon layin Kaduna zuwa Kano, da na Kano zuwa Maraɗi wanda aka ƙaddamar a watan Fabrairun 2021, zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Wanda ya ɗauki gonaki da kasuwannin da layin zai ratsa tun kafin ya ratsa, shi jikoki za su nema. Ko layin Yamai zuwa Doso da aka shimfiɗa aka yi bikinsa amma bai zama hanyar fasinja ba, abin ɗauka ne, don shi ma labari ne.

Bari in gaya maka kuskuren da na yi, wanda ya fi na rana da na fim ɗin da aka shanya. Shekara goma na farko ƙarfe kawai nake ɗauka. In mai tallan rake ta shigo gaban kyamara sai in yi tsaki in jira ta wuce. Wata rana, ina ɗan shekara goma sha tara, mahaifina ya shigo da jirgi Zariya daga Kano, ni kuma ina jiransa da wata kyamarar Yashica ta aro. Ya sauko, ya tsaya a gaban injin da tsumma a hannu yana goge yatsu, hularsa ta karkace, yana kallona. Ya rufe lambar jirgin. Na ce, "Baba, ɗan matsa kaɗan." Bai ce komai ba, ya matsa. Hoton ya fita tsaf, lamba na karantuwa, ƙusoshi ana iya ƙirga su. A can gefen dama akwai gwiwar hannu cikin shuɗin kaki da bakin tsumma. Shekara talatin da wani abu ya yi a reluwe, kuma yau abin da nake da shi na Baba a bakin aiki shi ne wannan gwiwar hannun, sai ɗan hoton fasfo na takardar fansho. Injin kuwa, irinsa akwai hotuna ɗari a wurin mutane.

Tun daga rasuwarsa na juya. Yanzu in na je tasha mutane nake fara nema: mai shayin da ke hura wuta tun kafin asalatu, 'yan dako, matar da ke miƙa ƙwaryar fura ta taga jirgi na shirin tashi, tsohon da ya shimfiɗa buzu a gefen dandamali yana sallah da jakarsa a gabansa, yaron da ya toshe kunne da hannu biyu amma ya ƙi kau da ido. Da izini, ba shakka. Matar aure ba a ɗaga mata kyamara haka kawai, yaro kuma sai ka nemi babbansa. In an ƙi, ka sauke, ba a rasa wani.

Wannan ne ya kawo mu kan mai ɗakinka. Ka bar ganin kamar jirgi take kishi. Wace mace ce za ta yi kishi da tarago? Lissafi take yi, kuma lissafinta daidai ne. Litinin zuwa Juma'a kana wurin aiki, Asabar da take sa rai ka ɗauki jaka tun duhu-duhu ka fita, ka dawo da ƙura a gira ka zauna gaban kwamfuta har dare. Kuma in ta leƙa kwamfutar, hoto ɗari huɗu, babu ita babu 'ya'yanta. Ni na yi wanda ya fi naka muni. Ranar sunan 'yata ta biyu, da aka shafa fatiha aka raba goro, na ji labarin wani jirgin kaya zai wuce da inji biyu a gaba. Na ce minti arba'in in dawo. Wanda ya san tsohon layi ya san jirgin kaya ba ya da agogo. Ya zo bayan la'asar sakaliya, na shigo gida ana kiran magariba, baƙi sun watse, surukata na zaune a tsakar gida. Gaisuwata kawai ta amsa. Uwargida ba ta yi faɗa ba, da ta yi da ya fi mini sauƙi. Mako guda ana ajiye mini abinci a rufe ba a ce mini ci kanka ba. Yarinyar yanzu ta yi aure, amma duk sanda aka yi suna a dangi sai uwarta ta ce, "A riƙe wa Malam jakarsa."

Abin da muka daidaita a kai bayan nan, wanda ya riƙe mu har yau, ba wani abin mamaki ba ne. Asabar ɗaya a wata tawa ce, an san da ita tun farkon wata, ba ta faɗowa kan biki ko suna ko ranar asibiti. Ina faɗin lokacin dawowa, kuma in lokacin ya yi ina naɗe kaya ko da ina jin ham ɗin jirgi daga nesa. Wannan shi ne mai wuya, na sha barin jirgi a bayana ina tafe ina waiwaye. Kuɗi kuma, ba a taɓa na cefane ko na makaranta don madubi, kuma ba na ɓoye farashi. Mazan da ke sayen madubin dubu ɗari uku su ce wa matansu dubu talatin ne, ranar da ta gano, ba kuɗin ne zai ƙona mata rai ba. Ka faɗa mata gaskiya, in ta ce a jira bayan sallah, a jira. Kyamarar da ke hannunka ta fi duk wadda na riƙe a shekaruna ashirin na farko.

Sannan ka juyo da amaryar nan ta yi wa uwargida hidima. Hasken da ka koya a bakin layi shi ne dai hasken tsakar gida da la'asar. Saurin ƙiftawar da ke tsai da jirgi zai tsai da ɗanka yana tsalle daga kan turmi. Ka ɗauke ta tana yi wa yarinya kitso, ka ɗauki mahaifiyarka in Allah ya sa tana raye, ka wanke, ka sa a firam. Kada su tsaya a memori. Memori na mutuwa, waya na ɓacewa. Nawa nagatif ɗin na shekarun farko rabi gara ta ci, rabi zafi ya manne su, don haka yanzu komai wuri biyu nake ajiye shi, mafi kyawun kuma a takarda.

Yara kuwa, in sun kai shekara shida ko bakwai ka fara tafiya da su, ɗaya-ɗaya, amma tasha kawai, ba daji ba. Ranar da kake tare da yaro ba ranar hoton kirki ba ce, ka sa wannan a ranka, don hannunka ɗaya na riƙe da nasa. Mu da muka tashi a kwatas mun ɗora ƙusa a kan diga jirgi ya take ta ta zama wuƙa, mun sa kunne a ƙarfe muna sauraron zuwansa, kuma Allah ne kawai ya tsare. Kada ka ba su wannan labarin da sigar jarumta. Ka ba shi littafin rubuta lamba ya zama aikinsa ne. Autana da haka ya koyi karanta lambobi masu gida huɗu tun kafin a koya musu a aji.

Abu na ƙarshe, ka sa mai ɗakinka cikin jirgin. Tawa ta shekara fiye da ashirin tana jin labarin kishiyarta ba ta taɓa shiga ba, sai bayan an buɗe layin Abuja na yanka mana tikiti mu da jikanmu, ba don wata sabga ba, mu je mu dawo kawai. Na ba ta kujerar taga. Ni ina ta fama da madubi ina neman kwanar da zan hango kan jirgi, ita kuwa ta ciro wayarta ta ɗauki yaron ya yi barci, kumatunsa manne da gilashi, duwatsun wajen Jere na wucewa ta cikin inuwar fuskarsa. Shi ne a rataye a falonmu yanzu. Baƙo ya shigo ya ce, "Kai, Malam, hannunka da kyau," sai ta yi shiru ta zuba mini ido ta ga ko zan faɗi gaskiya.

Tikitin yanzu ta intanet ake saye, kuma ku tafi da katin shaidarku. Ka zaɓi jirgin safe daga Rigasa, ku zauna ta hannun dama, wato gefen yamma, don kada rana ta dake ku ta taga. Ka bar dogon madubin a gida. In kun dawo ka turo mini hotuna, nata tukuna.